Dutsen Kakanni da Akuyar Mama Ladi

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta, mutanen gidanmu ne suka ƙi ba ni haɗin kai. Amma kafin in kai ku can, bari in fara da abin da kowa ya sani: duk faɗin Jos, daga Bukuru har ƙarshen Titin Bauchi, ba a haifi wanda ya san Bature kamar ni ba. Ba cika baki ba ne, gado ne. Kakana kuku ne a gidan Turawan kuza, shi ne mutum na farko a Gangare da ya ci shinkafa da cokali mai yatsu bai huda leɓensa ba. Ni kaina na taɓa zama kujera ɗaya da wani Bature a mota daga Jos har Abuja. (Gaskiya ne barci ya yi tun muna fita gari, amma a kafaɗata ya yi shi, kuma ba ƙaramin ilimi mutum ke samu daga nauyin kan Bature ba.)

Saboda haka a rumfata ta katako a Laranto, idan ciniki ya yi sanyi, nakan buɗe aji. Kafintoci su zauna a kan falanki, mai shayi ya matso da bencinsa, ni kuma in gyara hula in fara karatu. Darasin da na fi ƙwarewa a kai shi ne na Amurkawa.

"Ku duba wayoyinku," nakan ce. "Ga wannan ta aske kai ta tafi Indiya, tana zaune a gindin bishiya ido rufe. Ga wannan ya rataya carbi ya bi 'yan ɗariƙa yana girgiza kai. Ga waɗannan sun sauko daga jirgi da jariri ɗan Habasha a hannu, wani ɗan Sin a goye. Kun san dalili? Ƙoshi ne. Mutum ya ci ya ture, wuta ba ta ɗaukewa, famfo ba ya ƙafewa, maƙwabcinsa bai san sunansa ba. Sai zuciya ta zama kamar shagon da aka kwashe wa kaya. Shi ne suke fita cefane: a yanko addinin wannan, a tsakuro na wancan, a haɗa da ɗan mutane guda ko biyu, a ɗauki hoto."

Kafintoci su ce, "Kai, Oga, ka san duniya!" Ni kuma in ce, "Kaɗan kenan daga ciki."

Sai Allah ya kawo mini jarrabawa har gida.

Nura, ɗan yayata Binta, yaro mai kunya da ke aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti, ya ga wata nas mai suna Hadiza ya ce duniya da lahira sai ita. Hadiza baƙa ce kamar ni, a Jos aka haife ta, ga hankali, ga sallah a kan lokaci. Amma marainiya ce tun tana jaririya, wasu Turawan Amurka da suka taɓa aiki a nan ne suka ɗauke ta suka rene ta a can. Da ta girma ta dawo ganin garin da aka haife ta, garin ya riƙe ta.

Matsalar a buɗe take. Yaya Binta ta ce, "Renon Turawa? Ta iya tsarki kuwa? Gidan wa za mu je mu ce mun zo neman iri?" Ta ce ba za ta sa albarka ba sai ta ga iyayen da idonta. Ita kuma Hadiza ta ce, duk son da take wa Nura, ba za ta yi aure ba sai Babanta ya ce e da bakinsa. Sai iyayen suka taso daga Amurka, aka sa ranar Asabar za a haɗu a gidan Yaya Binta da ke bayan Titin Bauchi, tun da baƙin ba su da gida a nan da za mu je mu same su. In zaman ya yi kyau, a sa rana. In ya lalace, Turawa su hau jirgi, kuma kowa ya san yarinyar ba za ta daɗe a bayansu ba.

Nura ya same ni a rumfa, idonsa kamar na wanda bai yi barci ba tun sallar layya. "Kawu, kai ka san su. Don Allah ka riƙe mini Baturen nan, ni zan lallaɓa Umma."

Na dafa kafaɗarsa. "Yaro, je ka ba tela babbar riga. Bature a hannuna kamar ƙusa ne a hannun kafinta."

Mutum ɗaya ce ba ta yi murna da wannan naɗi ba: Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda nake zaune da ita a Gangare. Ita ta rene ni. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ranar da aka yaye ni Babanmu ya ɗauke ni ya danƙa mata, kamar dai yadda ake yi. Yanzu ta tsufa tukuf, kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin komai sai abin da ba a so ta ji. Ta ce, "Kai dai in kana son yaron nan da alheri, ranar ka je da bakinka a aljihu." Na yi dariya. Tsofaffi ba su san harkar ƙasa da ƙasa ba.

Ranar Juma'a da safe na je masaukinsu cikin kwat ɗin da na yi angwanci da ita (maɓallin tsakiya ya ƙi shiga, na ce ai haka ake yayi a Landan). Na kwana ina tara Turanci, jimla a kan jimla, kamar lodin katako. Sai ga wani dogon tsoho mai sanƙo ya taho da murmushi, ya miƙo hannu biyu, ya ce, "Sannu Kawu! Ina kwana? Yaya iyali? Yaya sanyi?"

Lodin Turancina ya rasa mai saye. Ashe Baba Dan, haka Hadiza ta ce mu kira shi, ya iya Hausa, irin ta kasuwar Jos, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, amma tana kai saƙo. Wani zai ji kunya a nan ya rage gudu. Ni kuwa idona ya riga ya sauka a kan abu biyu. Na farko, carbi a hannunsa, baƙi, ya sha ja har yana sheƙi. Na biyu, matarsa, Mama Rut, tana can kan ciyawa ta naɗe ƙafa, ido rufe, kamar an dasa ta. Na ce a raina, Allahu akbar, ga darasina ya sauko daga jirgi da ƙafafunsa. Ga carbin aro, ga zaman Indiya, ga 'yar mutane. Da kafintocina suna nan da sun ɗaga ni sama.

Muna shan shayi Baba Dan ya ce, "Kawu, ina so in san gidan ku sosai. Yadda kuke zama, abin da kuke yi, abin da kuka riƙe. Ka nuna mini komai, kar ka ɓoye."

To, jama'a, duk Bahaushen da ya taɓa aurar da 'ya ya san sunan wannan magana. Bincike ne. Uba ne ke son ya san inda zai kai 'yarsa. Da Alhaji wane ne daga Gangare ya faɗa mini haka, da na kai shi wurin liman, na nuna masa makarantar allon da Nura ya yi sauka, na tara masa dattawan unguwa. Amma da yake fatar mai maganar fara ce, sai kunnena ya juya ta: ɗan yawon buɗe ido ne, yana neman abin al'ajabi. Na ce a raina, masallaci ai suna da shi a can, ba zai burge shi ba. Mutumin nan Afirka yake so ya gani, irin ta talabijin. In na ba shi abin da zai sa tsigar jikinsa ta tashi, kafin magariba ya sallama mana yarinya.

A bayan gidan Yaya Binta akwai wani ƙaton dutse mai faɗin kai, irin waɗanda Allah ya watsa a Jos kamar ba a so. Tun da na san shi aikinsa uku ne: mata su shanya barkono da kuɓewa, awaki su kwanta, yara su goge wando da sulu. Wannan dutse na zaɓa in ɗaukaka.

Daga masallacin Juma'a (e, daga masallaci, ku rubuta wannan a cikin laifina) na biya gida na ɗauki kaskon turaren Goggo, da farin zanen gadonta, da ƙwarya, na juye kunun tsamiyar da ta ajiye za ta sha da yamma.

"Ina za ka da kaskona?" in ji ta.

"Aikin diflomasiyya ne, Goggo."

"Na me?"

Na yi kamar ni ne mai nauyin kunne.

Da la'asar na hau dutse da Baba Dan, mu biyu. Na yafa zanen gado, na naɗa rawani da ɗankwalin matata, na hura garwashi na zuba turare. Na sauke murya can ƙasa, na ce, "Baba Dan, abin da za ka gani yau, ko Gwamna bai taɓa gani ba. Wannan shi ne Dutsen Kakanni. Duk amaryar da ta shigo gidanmu, nan ake kawo ta da asuba, ta durƙusa, ta sa goshi, a faɗa wa dutse sunanta. In ya karɓa, aure ya zauna."

"In bai karɓa ba fa?" ya tambaya a hankali.

Ban shirya wa wannan ba. "Sai a sake kawo kunu," na ce.

Na tsiyaya kunu a kan dutse, na rufe ido, na fara surkulle. Da yake ina tsoron Allah daidai gwargwado, ban kira sunan kowa ba. Sunayen katako na jera, ina jan su ta hanci: maɗaci, kirya, marke, ƙawo, maɗaci, kirya. Ina cikin haka na ji wani abu yana lasar ƙafata. Na buɗe ido ɗaya. Akuya ce, ja, mai ciki, ta sa baki a kunu tana sha kamar an gayyace ta.

Wani zai rikice. Ni kuwa na ɗaga hannu sama na ce, "Ka gani? Sun karɓa! Sun aiko 'yar saƙo!"

Daga ƙasa sai ga murya: "Kawu! Kar ka taka mini barkono fa! Me kake yi da zanen gado a kai, ko zazzaɓi ne?" Mama Ladi ce, maƙwabciyar Yaya Binta, 'yar asalin tudun nan, shugabar zumuntar mata a cocinsu, wadda tare suka yi renon 'ya'yansu da yayata. Akuyar ma tata ce.

"Wace ce?" in ji Baba Dan.

"Mai tsaron dutsen ce," na ce. "Gado ne a gidansu. Barkonon ma na sadaka ne."

Baba Dan ya gyara tsayuwa. Ya dubi dutse, ya dubi akuya, ya dubi rawanina, ya ja carbinsa. Har muka sauka bai ce uffan ba. Na ce a raina, ya shiga! Abin ya ratsa shi! Abu ɗaya ne ya ɗan dame ni: bai ciro waya ya ɗauki hoto ba. Amma na ba kaina amsa, na ce tsananin girmamawa ne. Na kira Nura na ce, "Ka ƙara wa tela wuta. An gama."

Asabar da hantsi falon Yaya Binta ya cika. Limamin unguwa yana kan kujerar tsakiya, baffannin Nura a gefensa, Turawa biyu da Hadiza a doguwar kujera, mata ta bakin ƙofar ciki, Goggo a kan darduma da sandarta. Ni kuwa na zauna kusa da Baba Dan, na harɗe ƙafa, ina gyaɗa wa kowa kai irin na wanda ya riga ya san sakamako. Aka yi addu'a, aka yi gaishe-gaishe, babban baffa ya yi bayani mai daɗi, ya ce sun ga iri mai kyau sun zo nema. Sai ido ya koma kan Baba Dan.

Ya miƙe tsaye, kansa ya kusa taɓa fanka.

"Na gode," ya ce. "Kun karɓe mu da kyau. Nura yaro mai kirki ne, na gani da ido na. Amma ku yi haƙuri. Ba zan iya ce e ba."

Hadiza ta ɗago kai da sauri, ta ce, "Baba?" Nura ya dafe kai da hannu biyu.

"Ni ba Musulmi ba ne," ya ci gaba. "Ni da mata na, coci muke zuwa. Amma Hadiza Musulma ce. Malamai sun koya mata goshi na Allah ne kaɗai. Ni na kai ta makaranta, ni na zauna a waje ina ji ta taga. Ban raina al'adar kowa ba. Amma ba zan ba da yarinya na gidan da amarya ke sa goshi a kan dutse ba."

Yaya Binta ta cire tabarau. Duk wanda ya san yayata ya san in ta cire tabarau, a nemi mafaka.

"Wane dutse?"

"Dutsen Kakanni. Na bayan gida. Wanda akuya ke zuwa karɓan sadaka."

Ku da kuka san sanyin Jos, ku yarda da ni, gumin da ya karyo mini a lokacin zai iya jiƙa siminti buhu guda. Na fara lissafin nisan ƙofa. Na sauke ƙafa a hankali, na ɗan ɗaga daga kujera kamar mai gyara riga. Sai na ji sanda ta gitta a gabana. Goggo ce. Ba ta ko kalle ni ba.

"Wa ya kai ka wurin?" in ji Liman.

Baba Dan, bawan Allah, bai nuna ni da yatsa ba. Juyowa kawai ya yi ya dube ni da tausayi, kamar mai cewa, yi haƙuri na tona asirin gidanku. Falo gaba ɗaya ya juyo tare da shi.

Daidai nan Mama Ladi ta shigo da tiren abinci, don ita ke taya girki tun safe. Baba Dan ya rusuna mata da ladabi, ya ce, "Ga mai tsaron dutsen ma."

"Mai tsaron me?" Ta dire tire. "Ni? Yesu ya sani, barkono na nake tsaro! Jiya na ga wannan mutum a sama da zanen gado da ɗankwali, yana hayaƙi kamar mai gasa masara. Ya ba akuya na kunu, tun jiya cikin shi bai tsaya ba. Ni na ɗauka iska ne ya taɓa shi, har na sa shi a addu'a!"

"Zanen gadona," in ji Goggo, ba da kowa take ba. "Da kununa."

Liman ya yi salati mai tsawo. Sannan ya dube ni. "Kai, tsakaninka da Allah, me ka karanta a kan dutsen nan?"

"Malam, wallahi ban kira kowa ba."

"Me ka karanta?"

"Sunayen katako ne, Malam."

"Na me?"

"Maɗaci. Kirya. Marke." Muryata tana ƙanƙancewa. "Da ƙawo."

Ƙaramin baffan Nura ne ya fara. Ya yi ƙoƙarin mai da ita tari, ta ƙi. Daga nan falo ya fashe. Mata suka faɗa kan juna, Mama Ladi ta riƙe bango, Liman da kansa ya ja rawani ya rufe baki kafaɗunsa na rawa. Da a nan abin ya tsaya, da na sha da sauƙi, don ni mutum ne da ya saba a yi dariya da shi, ko a kansa.

Amma Baba Dan bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, ya ce, "Kawu, me ya sa?"

Nan ne ƙasa ta ƙi buɗewa. Dole na zauna a gaban mutumin nan, a gaban 'yarsa, na karanta masa darasina na Laranto: ƙoshi, da shagon da aka kwashe, da cefanen addini, da ɗan mutane na hoto. A rumfa maganar nan tana da daɗi kamar kilishi. A falon nan kuwa kowace kalma ɗaci gare ta kamar maɗaci. Na ƙarasa da cewa, "Na ga carbi a hannunka, na ga Madam a kan ciyawa. Na ɗauka irin abin da kuke so kenan."

Ya gyaɗa kai. "Na zo duba gidan da yarinya na za ta zauna," ya ce. "Kai ka ɗauka na zo kallo."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Yaya Binta ce ta karɓi magana, kuma muryarta ta canza. "Bawan Allah, ni tambaya ɗaya gare ni. Kai ba addininka ba ne. Me ya dame ka da inda goshinta zai taɓa?"

Ya zauna, ya ba da labari, ba tare da ado ba. Suna aiki a wani ƙaramin asibiti a bayan gari, aka kawo mutanen da mota ta kife da su a Titin Bauchi. Wata mata ta cika kafin a sauke ta, jaririyar da ke bayanta ko ƙwarzane babu. Aka yi cigiya a rediyo, aka bi masu unguwa, aka bi tasha, babu wanda ya zo. Wata fasinja da ta tsira ce ta ce abu biyu ta sani game da matar: ta ji tana kiran jaririyar Hadiza, kuma ta ga ta shimfiɗa ɗankwali ta yi sallah a tasha kafin mota ta tashi.

"Gadon ta kenan duka," in ji shi. "Suna da sallah. Hukuma ta ba mu izini mu tafi da ita. Mun raba ta da ƙasar ta, ba yadda za mu yi. Amma ba mu da izini mu raba ta da abin da uwar ta ta bari."

Masallacin da ya fi kusa da garinsu, in ji shi, tafiya ce kamar daga nan zuwa Bauchi. Duk mako yana tuƙa ta, ya zauna a benci a waje har a tashi. Wani tsoho ɗan Senegal ne ya gaji da ganinsa zaune, ya ba shi carbin nan, ya ce hannunsa na zaman banza. Shi kuma yake ja yana ambaton mutanen da yake wa addu'a, ɗaya bayan ɗaya. Da ta isa azumi kuwa, a ƙasar da wani lokaci rana ke ƙin faɗuwa, suka ga yarinya ita kaɗai a tebur tana kallon su suna ci. Sai suka ajiye cokali. Har yau tare suke yi.

Mama Rut ta yi magana da Turanci, Hadiza ta fassara tana share ido: zaman ciyawar nan wata maƙwabciyarta 'yar Indiya ce ta koya mata, shekarar da Hadiza ta yi wata doguwar jinya, barci ya gagare ta. Addu'arta ta coci take yi a ciki. Ta ce in ana aron turmi a wurin maƙwabciya, ba ta ga laifin aron hanyar nutsuwa ba. Mama Ladi ta ce, "Gaskiya ne, Madam, ni ma turmi na yana gidan nan tun bara."

Baba Dan ya juyo gare ni, kuma abin da ya ƙarasa ni shi ne bai riƙe ni a zuciya ba. "Kawu bai yi ƙarya duka ba," ya ce. "Akwai mutanen mu masu sa addini kamar hula, yau a kai, gobe a aljihu. Akwai masu ɗaukan yaro don hoto, na san su. Kuma gaskiya gidan mu ya yi shiru da yawa kafin ta zo. Amma mu ba mu fita cefane ba. Tana kuka ne, hannun Rut ya fi kusa."

Yaya Binta ta tashi. Ta ratsa falo, ta kama hannun Hadiza, ta kai ta kujerarta ta zaunar a gefenta. "Ni ce nake tambaya ko kin iya tsarki," ta ce. "Allah ya yafe mini." Sannan ta dubi Baba Dan. "Baban Hadiza, mun zo neman iri, in za a ba mu."

Ya dubi Liman. "Malam, babu dutse?"

"Babu dutse," in ji Liman. "In ma akwai, to ga shi can a kan wuyan wancan."

"To na ba ku."

Guɗa ta tashi. Nura ya sunkuyar da kai yana murmushi kamar sabon wata. Ni kuwa, da yake ba a yi ni da yin shiru ba, na miƙe na ce, "Jama'a, ai kun gani, dama gwaji na shirya don a san..." Ban kai ƙarshe ba Yaya Binta ta sake cire tabarau. Na zauna.

An ɗaura aure, Liman ne ya tsaya waliyyi, Baba Dan yana gefensa cikin babbar rigar da ta tsaya masa a gwiwa, yana raba goro da hannu biyu kamar wanda aka haifa a Gangare. Ni kuma aka yanke mini hukuncin istigfari, da wanke dutse da tsintsiya, da kai akuyar Mama Ladi wurin likitan dabbobi. Yanzu yaran unguwar Dutsen Kawu suke ce masa. A Laranto kuwa ajina ya rufe. Da na gyara hula na ce "Ku duba wayoyinku," sai wani shaƙiyyi daga bayan falanki ya ja ta hanci: "Maɗaciii, kiryaaa."

Abin da na koya? In uba ya ce yana son ya san gidanku, uba ne, ko da kunnensa ja ne kamar tumatir. Kuma kafin ka bayyana wa jama'a abin da ke cikin zuciyar mutanen wata nahiya, ka tabbata ka san wani abu game da su da ya wuce nauyin kansu a kafaɗa.

Amma maganar da ta zauna mini ba wannan ba ce. A ranar zaman, muna cikin keke mai ƙafa uku za mu koma Gangare, ni da Goggo, kasko a cinyata, zanen gado a naɗe yana warin hayaƙi. Shirun ya yi mini yawa, na ce bari in ɗan gyara.

"Amma Goggo, tsakani da Allah, abin da mamaki. Mutum ya ɗauki ɗan da bai haifa ba, ya yi ta wahala a kansa haka shekara da shekaru. Me yake samu?"

Na ɗauka ba ta ji ba, don mai keke ya sa waƙa. Sannan ta juyo, ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Su ai sun yi sa'a, tasu ta yi hankali," ta ce. "Ni da na ɗauki ɗan wani shekara hamsin da ɗoriya, ga abin da na samu: ya sace mini kunu ya kai wa akuya."